Raddi ga masu cewa nama yana zaizaye ƙashi

Wata magana ta taso daga littattafan masu ƙin cin nama a Turai da Amurka, har ta iso wayoyinmu: wai nama da ƙwai da kifi suna tsamar da jini, sai jiki ya yago kalsiyam daga ƙashi don kashe tsamin, ya zubar a fitsari. Hujjarsu ta farko ba ƙarya ba ce, tun 1920 masana suka ga kalsiyam yana ƙaruwa a fitsarin mai yawan cin furotin. Amma ganin hatsi a ƙofar gida ba ya nuna rumbu ne ya ɓule. A 2005 Kerstetter da abokan aikinta a Amurka sun bi sawun sinadarin a jikin mata, suka tarar furotin yana ƙara wa hanji ƙarfin tsotso shi daga abinci. Ashe mafi yawan rarar da ke fita daga akushi ta fito. Tsamin jini kuwa, huhu da ƙoda ne ke daidaita shi.

Hujja ta biyu ta fi ruɗi, domin da sunanmu a ciki. Wani nazari na 2000 ya jera ƙasashe 33, Nijeriya ta fi kowa ƙarancin karayar ƙugu, aka ce albarkar rashin nama ce. To wa ya ƙirga? Tsohuwar da ta zame a Maruta ko Gwaram sau da yawa gidan maɗori ake kai ta, sunanta ba ya shiga rajistar asibitin tarayya na Birnin Kudu, ga shi 'yan shekara tamanin, waɗanda karayar ta fi kamawa, ba su da yawa a nan. A wani binciken kuma, da aka bi tsofaffin garin Framingham na Amurka shekara huɗu, waɗanda suka fi ƙarancin furotin su suka fi asarar ƙashi. Ba mamaki, kusan sulusin nauyin ƙashi furotin ne, shi ne ramnon da ke riƙe laka.

Inda zan sallama musu kaɗan ne: amfanin furotin ya fi bayyana idan kalsiyam ya wadata, mai ciwon ƙoda kuma hukuncinsa na likita ne. Giɓinmu kalsiyam ne. A Jos, binciken Thacher na 1999 ya samu yara masu lanƙwasasshiyar ƙafa suna cin kusan miligiram 200 a rana, kalsiyam kuma ya warkar da yawancinsu. Gidan da ke kan tuwon dawa safe da dare, nono da miyar kuka da zogale da ƙananan busassun kifi da ƙayarsu yake bukata, tare da wake da ɗan naman ranar kasuwa.