Makin da Ba Ya Faɗin Inda Ɗalibi Ya Fito

A watan Nuwamban 2024 aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari, bayan shekarun da ta yi a rufe, sakamakon sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla da wasu daga cikin 'yan bindigar dajin yankin. Tun daga lokacin motoci suka ƙaru a hanyar Kaduna, manoma da dama suka koma gonakin da suka bari. Kasuwa tana farfaɗowa cikin makonni, gona cikin damina ɗaya. Karatun yaro kuwa ba haka yake ba. Ɗalibin da ya shiga sakandare a Kuyello ko Dogon Dawa ko Randagi a tsakiyar shekarun tashin hankali, shi ne yau yake zama jarrabawar shiga jami'a, kuma takardar sakamakonsa ba ta da gurbin da za a rubuta yawan watannin da makarantarsa ta yi a kulle.

Wannan ne ya sa tambayar yadda ake samun gurbi a jami'a mai tsananin zaɓe, irin tsangayar koyon likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta wuce batun ƙwazon ɗalibi shi kaɗai. Tambaya ce game da abin da jami'a take aunawa idan ta dubi maki, da kuma wanda yake cin moriyar sassaucin da doka ta riga ta tanada.

Yadda ƙofar take

Hukumar JAMB, wadda ta fara aiki a 1978, ita ce ƙofar farko. Ɗalibi yana amsa darussa huɗu, ciki har da Turanci, a kan maki 400, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yin jarrabawar baki ɗaya. Mai neman likitanci zai haɗa da Bayoloji da Kimistiri da Fiziks. Bayan haka akwai sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar, sannan tantancewar da jami'a take yi da kanta. A jarrabawar 2025 ɗalibai kusan miliyan biyu ne suka zauna, kuma sakamakon farko da hukumar ta fitar ya nuna fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. Kwasa-kwasan da ake rububi kuwa suna neman makin da ya ɗara wannan nesa ba kusa ba, domin Hukumar Kula da Likitoci ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta iya ɗauka.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu gida uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancantar maki zalla, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. Jihar Kaduna tana cikin wannan rukuni na ƙarshe, kuma tana cikin yankin Jami'ar Ahmadu Bello. A takarda ke nan, ɗan Birnin Gwari yana da ƙofofi uku. A aikace kuwa, a bakin kowace ƙofa zai tarar da wanda ya riga shi.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Aibin tsarin shi ne jiha ce ma'auninsa. A idon wannan ma'auni, ɗan malamin jami'a da ya tashi a Samaru, ya yi makaranta mai ɗakin gwaje-gwaje, yana taɓa kwamfuta tun yana firamare, daidai yake da yarinyar da ta tashi a Kakangi, wadda ranar jarrabawa ce ranarta ta farko ko ta biyu da riƙe linzamin kwamfuta. Dukansu 'yan Kaduna ne, kuma a cikin kason jihar mai maki mafi yawa ne yake shiga. Koma-bayan ƙauyuka shi ya sa jihar ta cancanci sassauci, amma 'ya'yan Kaduna da Zariya, waɗanda ba su ne suka haifar da alƙaluman koma-bayan ba, su ne suka fi kusa da cin moriyarsa.

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a ga tazarar. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar firamare ta Rama a ƙaramar hukumar Birnin Gwari suka tafi da malamai uku. A ƙarshen Satumban shekarar aka katse layukan waya a sassan jihar, har da wannan yanki, na tsawon kusan wata biyu, a shekarar da JAMB ta wajabta lambar zama ɗan ƙasa ga duk mai yin rajista. A ranar 7 ga Maris, 2024, aka kwashe ɗalibai daga makarantar Kuriga da ke ƙaramar hukumar Chikun mai maƙwabtaka, kuma a cikin shekarar gwamnatin jiha ta sanar da shirin haɗe makarantu 359 da ke wuraren haɗari da wasu a wurare masu tsaro. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana nufin malamin Fiziks da ya nemi canjin wurin aiki, da zangon karatu da ya salwanta, da uban da ya yanke shawarar cewa ran 'yarsa ya fi takardar shaida.

Saboda haka maki 240 daga Birnin Gwari da maki 240 daga Unguwar Rimi lamba ɗaya ce, amma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Na farko ya samu makinsa ne da rabin manhaja, ba malami, ba wutar lantarki. Jami'ar da take ikirarin kaifin basira take nema, ba tarin shiri ba, ya kamata ta fi kowa sha'awar sanin wannan bambanci.

Abin da wasu ƙasashe suka gwada

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A 1997 jihar Texas ta Amurka ta yi dokar da ta ba duk ɗalibin da ya fito cikin kashi goma na sama a makarantarsa damar shiga jami'o'in gwamnatin jihar. Hikimar dokar ita ce an gwada yaro da abokan ajinsa, waɗanda suka sha ruwa ɗaya da shi. A 2001 makarantar Sciences Po ta birnin Paris, wadda ta yaye shugabannin Faransa da dama, ta ƙulla yarjejeniya da makarantun sakandaren unguwannin talakawa, ta buɗe musu hanyar shiga ta musamman. A 2012 Brazil ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga waɗanda suka yi sakandaren gwamnati. Jami'ar Cambridge a Ingila ta fara shekarar share fage kyauta a 2022 domin ɗaliban da wata larura ta katse musu karatu. Hanyoyin sun bambanta, amma sun haɗu a kan abu guda: makaranta da yanayin ɗalibi suke dubawa, ba faɗin lardin da ya fito ba.

Arewa ma ba baƙuwar wannan tunani ba ce. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta daɗe da fahimtar cewa makarantun yankinta ba sa yaye isassun ɗaliban da suka shirya, shi ya sa ta kafa makarantar share fagen shiga jami'a, kuma ita ce uwar jarrabawar IJMB. Har yau tana da makarantar share fage a Funtuwa, garin da hanya ta haɗa shi kai tsaye da Birnin Gwari. Kayan aikin suna nan. Abin da ya rage shi ne a juya su wajen waɗanda suka fi buƙata.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa likitanci ba wurin tausayi ba ne, domin majinyaci ba zai tambayi likita ƙauyen da ya fito ba. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce dalilin da ya sa ba a ƙofar fita ya kamata a yi sassauci ba. Jarrabawar ƙarshe ta zama ɗaya ga kowa. Abin da ake nema shi ne a zaɓo zakarun makarantun da rikici ya shafa, a ba su shekara guda ta horo mai tsanani a Kimistiri da Fiziks da Lissafi da Turanci, wanda ya kai mizani ya wuce, wanda bai kai ba a nuna masa wani kwas. Wannan cike giɓi ne, ba rage mizani ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: duk ƙofar da aka buɗe wa talaka a Najeriya, mai hali ne yake fara shiga. Idan aka ce gurbin 'yan Birnin Gwari ne, gobe za a ga 'ya'yan manya da ba su taɓa kwana a garin ba riƙe da takardar shaidar asali. Maganin wannan shi ne a ajiye takardar asali gefe. Kowace makaranta tana da lambar cibiya a WAEC da NECO, kuma tun 2017 JAMB take gudanar da ɗaukar ɗalibai ta manhajarta ta CAPS. Sharaɗin ya zama inda yaro ya yi shekarunsa uku na babbar sakandare, ko Bahaushe ne ko Bagware ko Bafulatani, ko ma ɗan wata jiha da iyayensa suke zaune a can. Attajirin da zai kai ɗansa ya yi shekara uku a makarantar gwamnati a bakin dajin Kamuku domin neman gurbi, da wuya a same shi.

Hujja ta uku ita ce gyaran makarantun ne ainihin magani. Babu musu. Sai dai gina ɗakin gwaje-gwaje da dawo da malamai aiki ne na shekaru, yaran da suka kammala bana kuwa ba za su koma aji ɗaya su jira ba.

Abin da za a iya yi yanzu

Matakan ba su fi ƙarfin hukumomin da ke akwai ba. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna za su iya keɓe wani ɓangare na kason da suke da shi ga ɗaliban da suka fi kowa maki a makarantun ƙananan hukumomin da rikici ya ɗaiɗaita, su kuma riƙa wallafa yawan waɗanda suka ɗauka a manyan kwasa-kwasai daga kowace ƙaramar hukuma. Rashin wannan lissafi a bainar jama'a shi yake ɓoye matsalar. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha za ta iya ɗaukar nauyin shekarar share fage, da sharaɗin wanda ya gama ya yi wa yankinsa aiki na wasu shekaru. Masarautar Birnin Gwari da ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da ke Kaduna da Abuja za su iya ɗaukar ƙaramin nauyi mai babban tasiri: kwamfutocin gwaji, kuɗin rajista, da malaman kimiyya na lokacin hutu.

Sulhun da aka yi ya sayo lokaci ne kawai. Yankin da ke da zinariya a ƙasa da ƙasar noma mai albarka, amma yake aron likita da injiniya da lauya daga wasu wurare, zai ci gaba da rasa su duk ranar da aka ji ƙarar bindiga. Kuma yaran da ke firamare a yau suna kallon abin da ya faru da yayyensu da suka jure suka gama sakandare. Idan mafi ƙwazonsu ya dawo gida hannu rabbana, darasin da ƙannensa za su ɗauka ke nan, kuma akwai masu jiran su a daji da wani tayin.