A Koya Wa Yara 'Yar'aduwa, Amma Ba Da Bakin Maroƙi Ba

Duk ranar 5 ga Mayu, Facebook kan cika da hoton marigayi shugaban ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa, don tunawa da ranar rasuwarsa, kowa na Allah ya jiƙansa. Amin. Amma tare ɗan sakandare ka tambaye shi me mutumin nan ya yi. In ya yi ƙoƙari ya ce maka, "Ya rage kuɗin mai." Ba laifin yaron ba ne, iyakar abin da muka zuba masa ke nan. Alhali shi marigayin malami ne, ya sha ƙurar alli yana koyar da kimiyyar sinadarai tun kafin ya zama gwamnan Katsina a 1999.

Da ni ke gaban allo, da ranar 29 ga Mayun 2007 zan fara. Ran da aka rantsar da shi a Abuja, ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi bai rasa tangarɗa ba, daga baya ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don a gyara. A ƙasar da ko kansila ba ya yarda an yi masa aringizon ƙuri'a ɗaya! Yaron da ya saba satar amsa a jarrabawa ya fi kowa bukatar jin wannan. Sai a ƙara masa da bayyana kadarori da ya yi a bainar jama'a ba tare da doka ta tilasta shi ba, da afuwar da ya yi wa tsagerun Neja Dalta a 2009.

Daga nan ne malamai kan yi shiru, wai ba a tonon mamaci. Gaskiya ne addini ya hore mu da ambaton alherin wanda ya riga mu. To amma bitar mulki ba gulma ba ce, amanar miliyoyin mutane ake dubawa. Gwamnatinsa ce ta ƙi shawarar Uwais ta raba shugaban ƙasa da ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe. A zamaninsa, cikin Yulin 2009, aka kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a Maiduguri ba tare da shari'a ba, kowa kuma ya ga abin da ya biyo baya. A Nuwamban shekarar aka kai shi jinya Jidda, babu takardar miƙa ragama ga mataimakinsa Goodluck Jonathan, ƙasa ta zauna fiye da wata biyu ba direba, sai da Majalisa ta sa baki ranar 9 ga Fabrairun 2010. Laifinsa ne, ko na waɗanda suka kewaye gadonsa? A jefa wa aji tambayar, su yi ta musu har a kaɗa ƙararrawa.

Mutumin da ya amsa aibin zaɓensa a gaban duniya ba zai so a ɓoye wa ɗalibai sauran ba. Malam, in ka shiga aji, ka ba su shi gaba ɗayansa.