A Kan Kiwon Maciji a Ɗaka

Tun daga daren da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, aka wayi gari ranar 10 ga Satumba 2024 ruwan Ngadda ya mamaye Gwange da Fori da Kasuwar Monday, har ya ratsa gidan namun daji na Sanda Kyarimi, inda hukumar gidan ta yi shelar cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun halaka, kuma kadoji da macizai sun bi ruwa sun faɗa unguwanni, da wuya a zauna wani majalisi a Yerwa a tashi ba a taɓo zancen maciji ba. Dattawan da suka ga ambaliyar 1994 suna cewa ta baya wasa ce in an gwada ta da wannan. Mutanen da suka koma gidajensu bayan ruwa ya janye kuwa sun daɗe ba sa sa hannu cikin tukunya ko ƙarƙashin katifa sai sun tura sanda tukuna, kuma babu mai hankalin da zai zarge su a kan haka.

To, a cikin wannan gari, a kuma wannan zamani na firgici, sai ga ɗan ƙanwata, saurayi mai karatun ilmin dabbobi, ya zo gaishe ni, ya durƙusa, muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ya ce, "Kawu, akwai abin da nake so ka gani, amma don Allah kada Inna ta ji." Na bi shi har ɗakinsa na zaure. Ga akwati na gilashi an shimfiɗa masa ɓawon itace, ga kaskon ruwa, ga wani fasasshen tulu a kife. Ya sa hannu ƙarƙashin tulun ya ɗauko wata 'yar mesa, irin wadda idan ta ji tsoro takan dunƙule ta cusa kanta a tsakiyar jikinta, ya miƙo mini. Na yi a'uziyya, na yi basmala, kana na karɓa, domin ba ya kyautuwa kawu ya ja da baya a gaban ɗan ƙanwarsa.

Abin da ya fara ba ni ta'ajibi shi ne bushewar jikinta. Mun tashi muna zaton maciji abu ne mai yauƙi da danshi, alhali fatarsa a bushe take, sumul, da ɗan sanyi-sanyi, kana jin ƙarfin naman yana motsi a ƙarƙashinta daki-daki. Ta warware a hankali, ta zagaye wuyan hannuna, tana fitar da harshe tana mayarwa. Yaron ya ce da harshen nan take shinshinar iska, ba zagi ba ne, ba kuma shirin sara ba. Ya nuna mini idonta da ba ya ƙiftawa saboda ba shi da fatar rufewa, ya ce ba ta da kunne a waje, amma tana jin takun mutum ta ƙasa tun yana nesa. Ya ɗauko saɓar da ta yi ya shimfiɗa a tafin hannunsa, har da gurbin idanu a jiki. Haƙiƙa wanda ya dubi wannan halitta da idon basira, wadda ba ƙafa ba hannu amma tana hawa itace tana iyo tana farauta, dole ya yi tasbihi ga Wanda ya ƙaga ta.

Ba wannan ne karona na farko ba. Muna yara, a wajen kiskadi, can bayan gari inda almajirai kan watsu ƙarƙashin itatuwa da allunansu, na taɓa ɗaga kai na ga gamsheƙa ta fasa kai ba nisa da ƙafata. Wani babban almajiri da ke kusa bai yi ihu ba, bai ɗauki dutse ba, ya ce mini a hankali, "Ƙane, rufe idonka da allo, kada ka motsa." Na yi yadda ya ce, ina jin bugun zuciyata a cikin kunnuwana, har ta sauke kai ta sulale cikin ciyawa. Sai da na girma na fahimci hikimar allon: wannan irin tana feso dafi a ido daga nesa, kuma maganin farko ga wanda ta fesa wa shi ne a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa nan take. Almajirin nan bai ƙaunaci gamsheƙa ba, bai kuma ƙi ta ba. Sanin ta ya yi. Ra'ayina a wannan mas'ala daga wurinsa na samo shi, ba daga littafi ba.

Gama dai mu, a al'adarmu, hanya biyu kaɗai muka sani da maciji. Ta farko ita ce sanda: da zarar an ce "ga shi nan", sai yara da manya su taru da taɓare da faretani, a kashe, a sare kai, a binne, ba mai tambayar ko mai dafi ne ko mai cinye mana ɓeraye ne a rumbu. Ta biyu ita ce ta gardawa masu wasa da maciji a bakin kasuwa, waɗanda ke rataya kumurci a wuya, ana kiɗa ana kirari, kana a fito da ƙullin gari a ce wanda ya sha ya fi ƙarfin sara. Na farko jahilci ne da tsoro ya haifa. Na biyu kuwa, in an yi mini afuwa, yaudara ce ta fi yawa a cikinsa, domin sau da yawa an riga an cire wa macijin fiƙa, kuma fiƙar nan tana sake tsirowa, shi ya sa lokaci-lokaci ake jin gardi ya kwanta dama ta hannun abin da ya raina. Illar ba a kansa kaɗai take tsayawa ba. Manomin da ya sayi ƙullin nan, ya shiga gona ba takalmi yana taƙama da shi, shi ne wanda ake ɗaukowa a kan babur jini na zuba daga dasashinsa.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba, kuma abin lura shi ne ba ta tafi gaba ɗaya wajen sanda ba. Ya tabbata an yi umurni da kashe maciji da kunama ko da mutum yana cikin salla, saboda kare rai. Amma Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, kazalika Muslim a Sahihinsa, sun kawo ƙissar da Abu Sa'idil Khudri ya bayar ta wani saurayi sabon ango a zamanin yaƙin Khandaƙ, wanda ya koma gida ya iske maciji a kan shimfiɗarsa, ya soke shi da mashi, suka mutu tare; daga nan aka yi horo da a yi wa macizan gida gargaɗi kwana uku kafin a kashe su, in ban da nau'i biyu da aka toge. Ibn Abi Zaidin Ƙairawani, wanda kowane ɗalibin zaure a Borno ya bi ta kan Risalarsa, ya ɗauki gargaɗin a kan macizan Madina, ya ga kyawun yin haka a sauran garuruwa, ya ce ban da na jeji. Game da ciniki kuwa, da yawa daga fuƙaha'u sun hana saye da sayar da maciji bisa hujjar rashin amfani, wasu suka yi rangwame idan don haɗa magani ne. Ni ba mufti ba ne, na bar fatawa ga ma'abotanta; abin da na fahimta kawai shi ne magabata sun bambance tsakanin maciji da maciji, tsakanin gida da jeji, alhali mu mun haɗa su duka a ƙarƙashin taɓarya ɗaya.

Sai dai fa wanda ya tsare dabba ya ɗauki amana, kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, bai keɓanta da kyanwa ba. A nan ne na fara yi wa yaron tambayoyin da ba ya so. Irin wannan mesa takan rayu shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kiwo. Ina za ta idan ya tafi bautar ƙasa? Wace amarya ce za ta yarda a jera mata kaya a ɗakin da ake ajiye ɓeraye don cimar wata? Wane ne zai kula da zafin akwatin a watan Afrilu, lokacin da inuwa ma ke ƙuna a garin nan, ko a tsakiyar hunturu, tun da yake maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa? Ya ce ai tana son sa, tana gane shi. Na ce masa, "Ɗana, kai ne kake son ta." Iyakar abin da maciji ke yi shi ne ya saba da warin hannunka har ya daina ɗaukar ka abokin gaba, ba ya murnar dawowarka, ba ya kewar tafiyarka. Ƙaunar da ba ta neman sakayya abu ne mai daraja, ban raina ta ba, amma wajibi ne mai yin ta ya san cewa shi kaɗai yake yi.

Sha'awar kiwon maciji ta wayar hannu ta shigo mana, daga Turai da Amurka, kuma abin dariya shi ne mesar da samarinmu ke gani a hannun Turawa 'yar yankinmu ce: daga Togo da Benin da Ghana ake fitar da dubbanta kowace shekara. A garin Wida na ƙasar Benin har ɗakin bauta gare ta, a wasu sassan ƙasar Ibo kuma ba a kashe mesa ko kusa. Amurkawa kansu sun ɗanɗana ƙarshen abin: mesar Bama da aka shigo da ita don kiwo, wasu suka gaji suka sake, ta hayayyafa a fadamun Fulorida ta cinye ƙananan namun dajin wurin, har gwamnati ta hana shigo da ita a 2012, ana kuma shirya gasar farautarta da kyautar kuɗi.

Saboda haka ga inda na tsaya. Wanda ya ajiye mara dafi, da sanin mutanen gidansa da maƙwabtansa, ya kuma iya haƙƙinta, ban ga dalilin da za a tsine masa ko a ce ya shiga tsafi ba, ko da yake da ya bar ta a jeji ya je can ya yi nazarinta da ya fi mini. Amma wanda ya ajiye kumurci ko kasa ko kububuwa a gidan da yara ke rarrafe, don a ɗauke shi hoto a yaba masa jarunta, wannan ba mai ƙaunar halitta ba ne, gardi ne da ya sauya kasuwa, kuma ya kamata mai unguwa ya san da zamansa.

Abin da ya fi damuna ma ba akwatin gilashi ba ne. Kububuwa ce, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, 'yar ƙarama mai launin ƙasa da ke goga jikinta tana ƙara idan an matsa mata, wadda ta fi kowane maciji kashe mutane a wannan yanki na savana. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da fitsari da tsohon miki, wani lokaci har cikin ƙwaƙwalwa, bayan kwana ɗaya ko biyu ana zaton ya tsira. Idan ba a yi allurar kashe dafi ba, mutum 10 zuwa 20 cikin ɗari sukan rasu, idan kuwa an yi ta a kan kari, adadin yakan faɗo ƙasa da 2. A ƙasar nan ne, a shekarun 1970, likita David Warrell da abokan aikinsa na Zariya suka daidaita gwajin nan mai sauƙi da ake yi har yau: a ɗebi jini a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a jira minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga. A garin Kaltungo na jihar Gombe akwai asibiti sukutum na saran maciji, kuma da dafin macizan Nijeriya aka haɗa allurar EchiTAb, wadda ake sarrafa iri ɗaya a Birtaniya, ɗaya a Kosta Rika. Malamai irin su Farfesa Abdulrazaƙ Habib na Jami'ar Bayero sun ƙarar da shekaru a kan wannan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta mutuwar mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara a duniya, ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta kuma ɗauki alkawarin rage ɓarnarsa da rabi kafin 2030.

Duk da haka, je ka fadamar Jere lokacin yankan shinkafa, ko firgin da ake dasa masakwa, ka tambayi manomi abin da zai yi in an sare shi. Zai ce a ɗaure ƙafar tamau da igiya, a tsaga da reza, a tsotse, a manna baƙin dutse. Dukansu huɗu likitoci sun hana: ɗaurin yana kashe ƙafa, tsagar tana buɗe ƙofar jinin da ba zai tsaya ba, sauran biyun kuma ɓata lokaci ne. Abin da ake so shi ne a kwantar da mutum, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a ɗora ƙafar a kan itace a hana ta motsi, a garzaya asibiti, ba tare da an tsaya neman macijin ba.

A nan nake ganin samari irin ɗan ƙanwata za su yi amfani, in har ƙaunar tasu ta gaskiya ce. Wanda ya iya riƙe mesa hannunsa bai yi rawa ba, ya san bambancin kasa da kububuwa da macijin gida mara illa, wurinsa shi ne makarantun firamare da tsangayoyi da sansanonin waɗanda rikici ya raba da ƙauyukansu, waɗanda yanzu ake mayar da su gonakin da suka shekara goma suna saura, ciyawa ta rufe, ɓera ya yi yawa, maciji ya biyo ɓera. Su ne za su fara sa hannu a wannan ciyawa. Ina roƙon ma'aikatar lafiya ta jiha, idan ana rabon iri da taki ga masu komawa, a haɗa da takalman roba masu tsawo da tocila, a kuma tabbata akwai allurar dafi a manyan asibitocin ƙananan hukumomi tun kafin faɗuwar damina, gama daga Monguno ko Dikwa zuwa Kaltungo tafiya ce da mai zubar da jini ba zai kai ƙarshenta ba.