ADON LITTAFI KO KAYAN AIKIN MALAMI?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, akwai wata sabuwar al'ada da ta shigo cikinmu, wadda na ga ya kamata mu yi shawara a kanta a wannan fili tun ba ta yi jijiya ba. Al'adar kuwa ita ce ta zanen sitika a kwamfutar hannu, wadda saboda kamanninta da allo zan riƙa ce mata allon zamani. Mutane sun kasu kashi biyu a kan wannan al'amari. Waɗansu sun ce wasan yara ne da ɓata lokaci, waɗansu kuwa sun ce ci gaba ne, wanda bai shiga ba an bar shi baya. Ni dai ra'ayina shi ne, aikin yana da amfani ƙwarai ga mai koyon malanta, amma da sharaɗi biyu: ya zana abinsa da hannunsa, kuma ya san abin da ya sa ya ke zanen.

Bari in fara da bayani domin waɗanda ba su san abin ba. Kowa ya san malami ba ya rabuwa da littafin tsara aiki, inda ya ke rubuta darussan mako, da ranar jarrabawa, da ranar da za a zo duba shi. To, yanzu akwai irin wannan littafi a cikin allon zamani. Shafuffukansa kamar na takarda su ke, ana rubutu a kansu da alƙalamin allon, a cikin manhaja irin su Goodnotes ko Samsung Notes. Sitika kuwa ɗan ƙaramin hoto ne da a ke ɗorawa bisa shafi don ya zama alama, watau kamar tauraro a ranar jarrabawa, ko hoton ƙararrawa a ranar taron malamai. Bambancinta da ta takarda shi ne ba ta ƙarewa. In ka zana guda ɗaya, kana iya liƙa ta sau ɗari, ka ƙara mata girma ko ka rage, ka kuma aika wa abokinka ba tare da taka ta ragu ba.

Yadda a ke yinta ba wuya. Mutum ya buɗe manhajar zane. Wadda ta fi suna ita ce Procreate, wadda wani kamfani na tsibirin Tasmaniya a ƙasar Ostareliya ya fitar a 2011, shekara ɗaya bayan fitowar iPad, amma ita sai a kayan kamfanin Apple ta ke aiki. Mai Android yana iya amfani da ibis Paint ko Sketchbook. Zanen hawa-hawa a ke yinsa, kamar ka jera takardu masu shara-shara wata bisa wata: layukan zane a hawa ɗaya, launi a na ƙarƙashinsa, rubutu a na bisa, don in ɗaya ya ɓaci a gyara shi ba a taɓa sauran ba. In an gama, sai a ɓoye farin shafin da ke can ƙasa, a adana hoton a tsarin PNG. Wannan shi ne sirrin abin, domin PNG yana barin bayan hoto wayam, shafin littafi ya riƙa bayyana ta gefensa. In aka adana a JPEG, sai sitikar ta fito cikin farin akwati, ta rufe rubutun da ke ƙarƙashinta.

Mai karatu zai ce, to, don me zan wahalar da kaina, ga su nan dubbai a intanet, waɗansu kyauta, waɗansu ana sayarwa a kasuwar Etsy? Amsa ita ce, ka duba su da kyau ka gani ko dominka aka yi su. Yawancinsu mutanen Amurka da Turai ne su ka zana wa kansu, bisa ga shekararsu. Za ka ga ƙanƙara tana zuba, da jajayen ganyaye na lokacin sanyinsu, da kabewar bikinsu na ƙarshen Oktoba. Ina alamar damina, lokacin da ruwan safe ke hana yara isowa makaranta? Ina ta hunturu, da ƙura ke rufe Dutsen Zuma har a daina ganinsa daga Zuba? Ina ta Jumma'a da a ke tashi da wuri, ko ta hutun Salla, ko ta 27 ga Mayu, ranar yara, ko ta 1 ga Oktoba? Shekarar karatunmu zango uku ce, da yawa daga cikinmu kuma suna lissafi da watan Bature da na Hijira tare. Malamin da ya tsara aikinsa da alamomin wata ƙasa, ya yi kama da wanda ya ari riga ya tafi biki. Kayan aro kuwa, an ce, ba ya rufe katara.

Sa'an nan ga maganar harshe, wadda ita ta fi damuna. Tun cikin shekarun 1930 aka shigar da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, cikin rubutun boko, su ka kuwa zauna daram ta hanyar littattafan da aka buga a Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a 1939. Amma har yau da yawa daga cikin kyawawan salon haruffan da ke cikin manhajojin nan ba su da su. Ka buga ƙ, sai ka ga ɗan akwati ya fito a gurbinta, ko ta fito da wata kama dabam da 'yan'uwanta. Daga nan sai mutum ya gaji, ya rubuta k kawai. Ke nan ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki, ɓata ya koma bata. Ga mai ciniki wannan ƙaramin abu ne, amma ga malamin da zai koya wa yaro ɗan shekara shida karatu, babba ne, domin abin da idon malami ya saba da shi, shi hannunsa zai rubuta a allo. Wanda ya zana sitikarsa da alƙalami ba shi da wannan matsala, shi ke lanƙwasa harafinsa yadda ya dace. Haka kuma ɗan'uwanmu Gbagyi, ko Bassa, ko Gade, ko Gwandara, yana iya rubuta sunayen ranaku da harshensa, abin da ba wanda zai yi masa daga Amurka.

Kada kuma wani ya ce ba mu da abin zanawa. A nan yankin Babban Birnin Tarayya aka haifi Ladi Kwali, maginar tukwane, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya. A 1954 ta shiga makarantar tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda yanzu a ke kira Suleja, ita ce kuwa mace ta farko da ta shiga. Can ta tarar da keken juya yumɓu, da tanda mai tsananin zafi, da ruwan ƙyalli, duk baƙin abubuwa. Ta koyi aiki da su, amma ba ta yar da zanenta na gida ba. Ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi da tsuntsu, su ta ci gaba da zanawa a jikin tukwanenta, su ne kuma su ka sa aka san ta har Ingila da Amurka, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Darasin a fili ya ke: kayan aiki na baƙo, zane na gida. Muna da dagin Arewa, da zanen bangon gidajen Zariya da Kano, da aikin wuyan babbar riga, da zanen ƙwarya, da zayyanar allon sauka wadda almajirai su ka gada tun kaka da kakanni. Duk waɗannan layuka ne masu sauƙi da launi kaɗan, irin abin da ke fitowa sosai ko an ƙanƙanta shi.

To, bari mu saurari masu suka, don su ma suna da gaskiyarsu. Na farko sun ce ɓata lokaci ne. Lalle na ga littattafan tsara aiki waɗanda su ka sha ado kamar amarya, furanni ta ko'ina, amma in ka nemi manufar darasin Talata sai ka tarar da fili. Wannan shi ne kyan ɗan maciji. Malamin da zai zo duba ka a lokacin gwajin koyarwa ba zai tambaye ka furanni nawa ka zana ba. Zai tambaye ka me ka ke so yaro ya iya bayan minti 40, da wane kayan aiki za ka koyar, da yadda za ka gane ya iya. Saboda haka ni ma'aunina ɗaya ne: kowace sitika ta kasance tana da aiki. In aka cire ta daga shafi ba a rasa wani bayani ba, to, ado ce, a bar ta sai lokacin hutu.

Na biyu sun ce abin na masu hali ne. Wannan ma gaskiya ne, don ɗalibin da ke fama da kuɗin mota daga Gwagwalada ko Kwali ko Abaji ba shi da zancen iPad. Ga kuma wutar lantarki, wadda ba ta da alkawari, allon da ya mutu kuwa ya tafi da darasin ranar. Amma fa manhajar zane tana aiki a wayar da ke aljihun yawancinmu, yatsa kuma yana iya tsayawa a madadin alƙalami. Wanda ba shi da ko ɗaya, yana iya zanawa a takarda da baƙar tawada, abokinsa ya ɗauki hoton ya share bayansa. Ban kuma yarda a yar da littafin takarda ba, musamman ga wanda za a tura ƙauye. Ba a fafe gora ranar tafiya, ba a kuma dogara ga batir ranar da mai dubawa zai zo.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa kuwa shi ne, amfanin wannan aiki bai tsaya a littafin malami ba. Wanda ya iya zana ƙararrawa da tauraro, gobe zai iya zana akuya da tulu da kwalekwale don koyar da baƙaƙe da wasula, ko sassan tsiro don darasin kimiyya. Tun dā a kan koya wa malamai zane a kan allo da haɗa kayan koyarwa da abin da ke kusa. Wannan shi ne dai, alli ne kawai ya sake kama. Ana kuma iya jera sitikar da yawa a shafi ɗaya na A4, a buga a takarda mai gam a shagon buga takardu, a yanka da almakashi. Yaron da ya ga an liƙa masa "Madalla" ko "Ka ƙara ƙoƙari" a littafinsa, da harshen da ya ke ji, da hoton abin da ya sani, zai kai gida ya nuna wa uwarsa. Wannan ya fi bulala sa yaro ya dawo gobe.

Akwai kuma maganar amana. Zanen da wani ya yi ya sa a kasuwa guminsa ne. Kwafe shi a raba, ko a goge sunan mai shi a sa na kai, sata ce, ko da ba a fasa ƙofar kowa ba. Mu da za mu hana yara satar amsa, bai kamata a same mu da irin wannan ba.

Saboda haka ga shawarata. Kowane ɗalibi, kafin ya fita gwajin koyarwa, ya zana alamomi goma ko goma sha biyu, kada su wuce haka: jarrabawa, aikin gida, bita, duba littattafai, taron malamai, taron iyaye, hutu, yaron da ke bukatar taimako, da makamantansu. Ya tsaya a kan launi uku ko huɗu, kowane launi da ma'anarsa, ya yi su sau ɗaya a lokacin hutu, ya yi ta amfani da su har shekara ta ƙare. Masu karatun zane su taimaki masu karatun harsuna, su kuma su duba musu ƙa'idar rubutu. Abin da aka zana a tara shi wuri ɗaya, da sunan kowane mai zane, don 'yan baya su samu. Ina kuma roƙon malamanmu masu koyar da dabarun koyarwa su ba wannan aiki ko da awa biyu ne a zango, su kuma auna shi da amfaninsa, ba da ƙyallinsa ba.

Wanda ya ke da wani ra'ayi dabam, fili a buɗe ya ke, ya rubuto wa Edita mu ji, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa abin da mu ke koyo ya amfani yaran da za a damƙa mana. Haza wassalam.