Mabul na Gaske ko na Masana'anta?

A watan jiya ne ƙanen mai ɗakina da ke zaune a Italiya ya bugo mini waya, ya ce gidan da yake ginawa a nan Kumasi ya kai ga kicin da banɗaki, yana so in je wurin masu sayar da dutse in zaɓo masa wanda za a shimfiɗa a kan teburin girki da wurin wanke hannu. Na ce masa, "Haba ƙanena, ni da na san alli da allo, ina ni ina dutse?" Ya ce, "Yaya, ai shi ya sa na zaɓe ka. Malami ba ya sayen abu sai ya yi tambaya."

Da na isa shagon, sai aka nuna mini falle biyu, dukkansu farare ƙal da jijiyoyi masu ruwan toka, ido ba ya raba su. Ɗaya mabul ne na gaske, irin wanda ake haƙowa a duwatsun Karara a Italiya. Ɗayan kuwa, wanda suke kira kwaz, a masana'anta aka yi shi. Ana niƙa farin dutsen nan mai ƙyalli da muke kira ƙanƙara, a cuɗa shi da wani danƙo na roba da launi, a matse a gasa. Kusan kashi 90 cikin 100 garin dutse ne, sauran danƙo. Kamfanin Breton na Italiya ne ya ƙirƙiro dabarar, kuma da injinansa ne manyan masu yin sa irin su Silestone da Caesarstone suka yi suna.

To, mabul na gaske ɗan gata ne. Dangin farar ƙasa ne, saboda haka duk abu mai tsami yana cin sa. Lemon tsami, ruwan tsamiya, tumatir, in ya zuba aka bar shi, sai wurin ya dusashe. Kuma yana tsotsar mai, wato manja in ya shiga shi ke nan. Kwaz ba ya tsotsa, ya fi shi tauri nesa ba kusa ba (a ma'aunin taurin duwatsu ƙanƙara tana kan 7, mabul wajen 3), kuma soso da sabulu sun ishe shi. A banɗaki kam ban ga abin da za a tsaya shawara a kai ba, kwaz ya ci.

Kicin ne ke da magana. Danƙon nan da ya hana shi shan mai, shi ne kuma rauninsa, domin roba ba ta shiri da wuta. Zafi in ya kai wajen digiri 150, yana iya barin tabo mai ruwan ɗorawa wanda ba ya gogewa, wani lokaci ma fallen ya tsage. Baturen da aka yi wa wannan dutse ƙaramar tukunya yake ɗorawa. Mu kuwa fa? A tuna tukunyar tuwon zafi ta gidan mutum 15, ko kaskon ƙosai da aka sauke yanzu daga kurfoti, a hannun yarinyar da ke sauri ta tafi makaranta. Wa zai tsaya neman katakon da zai sa a ƙarƙashi? Haka nan hasken rana yana sauya masa launi, farin ya koma kamar tsohuwar takarda. Gidajenmu na zango da yawa a tsakar gida ake babban girki, kicin na ciki na shayi ne da ɗumame. Wanda duk ya shimfiɗa kwaz a waje ya zubar da kuɗinsa, giranit ko tayil ne na wurin.

In za ku saya, kada ku yarda da ɗan guntun da ke kan teburin mai shago. Ku ce a nuna muku fallen gaba ɗaya, don jijiyar da ta yi kyau a guntu tana iya zama kamar zanen ɗan aji ɗaya a tsawon mita 3. Ku duba gefensa: a mai araha zanen a sama kawai yake, ciki fari fat, da an yanka asiri ya tonu. Kauri iri biyu aka fi samu, santimita 2 da 3. Ni na roƙi ɓantare na kai gida, muka shafa masa manja da zoɓo da shito muka bar shi ya kwana. Da safe zoɓon ne kaɗai ya ɗan yi gardama, shi ma ya fita.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a bayan shagon na gan shi. Wani saurayi ne durƙushe yana yanka falle da injin hannu, ba ruwa, ba takunkumi, ƙura ta mai da shi fari tun daga gira har ƙafa. Da ya ɗago ya ce, "Malam, ina wuni?" sai na gane yarona ne, na koya masa lissafi shekaru 9 da suka wuce.

Ƙurar ƙanƙara in ta shiga huhu ba ta fita. Tana haddasa ciwon da likitoci ke kira silikosis, huhu ya ƙandare, numfashi ya gagara, kuma ba shi da magani. Mabul na gaske kaɗan ne yake da wannan sinadari, giranit bai kai rabi ba, kwaz kuwa kusan dukansa shi ne. An ga samari 'yan shekara 30 zuwa 40 sun kwanta da shi a Isra'ila da Sifen da Amurka. Ostareliya ta hana aiki da wannan dutse ɗungum tun 1 ga Yuli, 2024, ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka. Wanda aka girka wa a gida ba abin da zai same shi. Mai yanka ne ke biyan kuɗin da ba a rubuta a rasit ba.

Na bugo wa ƙanen nawa na faɗa masa: kwaz a banɗaki da kicin na ciki, giranit a tsakar gida. Na kuma kafa wa mai shago sharaɗi cewa a yanka namu da injin da ke zuba ruwa, a can shago, kada a zo gida ana gurzawa a bushe, kuma yaron ya sa takunkumi mai matata, ba ƙyalle ba. Ya ce zai ƙara kuɗi. Na ce ya ƙara, ranar Asabar zan zo in zauna a kan benci har a gama.