Masu Binciken Sana'a Sun Sake Shigowa Zango

Jama'a, kuna ganin 'yan jami'a suna yawo a zango da takarda da alƙalami, suna tambayar sana'ar kowa. Waɗansu dattawa kan kore su, wai 'yan leƙen asirin haraji ne. Mu dai muna ganin a ba su tabarma, domin irin wannan tambaya ta taɓa yi mana rana.

Daga 1965 zuwa 1968 wani Baturen Ingila, Keith Hart, ya zauna a Nima ta Ankara, cikin Farafara 'yan ci-rani. Littafin gwamnati ya ce da yawansu ba su da aikin albashi. Shi kuwa ya ga kowa tun asuba yana kan nema: mai dako, mai tireda, mai gyaran keke, mai ba da bashi. Cikin 1973 ya buga abin da ya gani, ya raɗa masa suna, watau neman abinci wanda hukuma ba ta rubuta ba. Sunan nan ya kewaye duniya. Cikin 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙidaya, ta ce a Afirka cikin ma'aikata 100, fiye da 85 haka suke ci. Ashe mu ne masu yawa.

Wata Baturiya kuma, Polly Hill, ta rubuta labarin kasuwar shanu ta Kumasi cikin 1966. Ta nuna yadda maigida ke saukar da baƙo, ya ci da shi, ya nema masa mai saye, sa'an nan ya tsaya lamuni in mahauci ya ɗauki sa bashi. Alhazanmu sun san wannan tun ba a haife ta ba, amma ita ta sa a takarda.

To, ga inda gizo ke saƙa. Yaran da suka sauke Alƙur'ani a gabanmu, da yawansu yanzu maigidansu wayar hannu ce. Ita ke kawo wa direba fasinja, ita ke yanka kuɗi, kamfani ya cire la'adarsa. Ran da yaro ya yi haɗari, wa zai tsaya masa? Maigidan da kan zo da goro ya yi jaje, har ya biya kuɗin magani. Waya ba ta zuwa dubiya.

Saboda haka in masu bincike sun zo, a gaya musu wannan filla-filla, a kuma nemi su komo su karanta mana abin da suka rubuta, da Hausa, a zauren Sarkin Zango bayan La'asar.