Filin Mata: In Kibiyar Kwamfuta Ta Yi Gardama

Zancenmu na wannan mako a kan wata 'yar fitina ne wadda ba ta barin gidan da a ka ajiye kwamfuta. Watau kibiyar nan da ke yawo a fuskar kwamfuta, wata rana sai ta tashi da gardama. Ki ja ta gabas ta nufi yamma, ko ta riƙa makyarkyata kamar mai zazzaɓi, ko kuwa ta kafe wuri guda. Nan da nan sai a ce yara ne su ka ɓata, a kama na kusa a zane shi, sa'an nan a naɗe na'ura a kai wa mai gyara ya yanka kuɗi. Alhali sau da yawa abin bai fi ƙarfin uwargida ba.

Ku fara sanin yadda abin ya ke. Ɗan abin nan da a ke dafawa da tafin hannu ana tura kibiya, shi ne linzami. Turawa ɓera su ke ce masa, don wayarsa ta yi kama da wutsiya. Wani mutumin Amurka, Douglas Engelbart, shi ya ƙago shi, ya nuna wa jama'a a 1968, na farkon kuwa da katako a ka yi shi. Na yanzu in kin kifa shi za ki ga wani ɗan rami, galibi da jar wuta a ciki. Cikin ramin nan akwai ɗan ido mai ɗaukar hoton bisan tebur fiye da sau 1,000 a daƙiƙa guda, yana gwada na baya da na gaba, da haka ya ke gane inda hannunki ya nufa. To, duk abin da ya rufe idon nan ko ya ruɗe shi, a jikin kibiya za a gani.

Saboda haka abu na farko tsabta. Silin gashi ɗaya tak, ko ƙurar hunturu, ko ɓurɓushin ƙuli-ƙuli, ya isa ya sa kibiya rawa. Zare linzamin, ki kifa shi, ki hura ramin, sa'an nan ki naɗa 'yar auduga a tsinken ashana ki share a hankali. Gindinsa kuma ki goge da busasshen ƙyalle mai laushi. Kada ki kuskura ki sa masa ruwa ko kananzir.

Na biyu, dubi inda ki ka ɗora shi. Teburin gilashi da duk abu mai sheƙi suna ruɗa idon, don ba ya samun abin da zai kama. Katifa da cinya kuma ba su da daidaito. In babu 'yar shimfiɗar da a ke sayarwa dominsa, bangon littafin rubutu marar ƙyalli ya wadatar.

Na uku, in marar waya ne, sake masa batir, gama batir in ya yi sanyi kibiya tsalle ta kan riƙa yi. Ɗan abin da a ke cusawa a kafar USB kuma ki matso da shi kusa da linzamin. In mai waya ne, ki murza wayar a hankali daga wuyanta, in kibiya ta ɗauke ta dawo, to, wayar ta karye daga ciki. Gwada wata kafar kuma. Har yanzu shiru? Ari na maƙwabciya ki jona. In nata ya yi lafiya, naki ne ya mutu, sabo kuwa bai kai kuɗin gyaran kwamfuta ba.

Masu kwamfutar tafi-da-gidanka, ku lura da ɗan fagen nan da a ke shafawa da yatsa. Jiƙaƙƙen hannu yana ruɗa shi, don haka in kin fito daga madafa ki tsane hannunki tukuna. Gefen tafin hannu ma ya kan goge shi kina cikin rubutu. Caja marar kyau ita ma tana haddasa wannan. Zare ta ki gani, in kibiya ta natsu, kin kama ɓarawonki.

Amma duk gwajin nan ɗaya bayan ɗaya za ki yi, don ki san wanda ya yi magani.

Akwai abu biyu da ba na wasa ba. In kin ga fagen shafawar ya tasa, ko murfin ya ƙi rufuwa sosai, mai yiwuwa batirin ciki ne ya kumbura, irinsa kuwa yana iya kama wuta. Kashe kwamfutar, kada ki danna wurin, kada ki ƙara sa ta caji, a kai wa masani. Haka kuma in kibiya tana tafiya da kanta kamar mai hankali, tana buɗe wasiƙu da hotuna ba wanda ya taɓa ta, wataƙila wani ne daga nesa ya shigo ta intanet. Yanke intanet ɗin nan take, ki nemi wanda ya san aikin, a kuma sake kalmomin sirri.

Ku kuma 'yan makaranta, tun 2015 da kwamfuta a ke yin jarrabawar JAMB. Ku saba da linzami tun yanzu, ku koyi gyara shi da hannunku, don ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye kuwa, kafin a ɗauko bulala a fara kifa linzami a duba. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin. Sai mako mai zuwa.